Mako ɗaya a kan keke cikin tuddan inabi na Tuskani: shirin mahayin da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa

"Assalamu alaikum. Ina zaune a Kano, shekaruna 41. Duk ƙarshen mako nakan hau keken tsere in yi kilomita 70 zuwa 80 ban ji komai ba. Ina da niyyar yin hutun mako ɗaya a Italiya, a yankin gonakin inabin da ke tsakanin Filorans da Siyena, in riƙa yin kilomita 100 kullum. Shin zan iya? Wane wata ya fi dacewa? In tafi da kekena ko in yi haya a can? Sannan ni ba na shan barasa, ba na cin alade, anya wurin zai yi mini?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayoyi huɗu ka yi, amma ta farkon ce ke ɗauke da sauran. Za ka iya yin mako ɗaya a kan keke a wannan yanki, kuma za ka ji daɗinsa in Allah ya yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kilomita 100 kullum. A yankin Kiyanti, wanda za ka ga an rubuta Chianti a allunan hanya, ba da tsawon hanya ake auna wahalar yini ba. Da yawan mitocin da za ka haura sama ake aunawa.

Dalilin da ya sa kilomita ba ta da amfani a lissafin

Hanyoyin da ka saba bi daga Kano, ko ta Wudil ko ta Zariya, kusan a shimfiɗe suke. Can kuwa da wuya ka samu kilomita 5 a jere babu hawa ko gangara. Dubi babbar hanyar yankin, SR222, wadda ta haɗa Filorans da Siyena, tsawonta wajen kilomita 70. Filorans tana mita 50 sama da teku. Greve tana wajen mita 240. Daga Greve zuwa Panzano bai wuce kilomita 7 ba, amma za ka haura zuwa kusan mita 500. Sai ka gangara kwarin kogin Pesa, ka zubar da mafi yawan abin da ka tara, ka sake haurawa Castellina mai kusan mita 580, kafin ka sauka Siyena a mita 320 da ɗoriya. Babu wani dutse mai tsawon ban tsoro a cikinsu. Maimaitawar ce ke cin ƙafa.

A irin wannan ƙasa, kowace kilomita takan zo da hawan mita 15 zuwa 20. Ke nan kilomita 100 ɗin da kake so tana nufin hawan mita 1,500 zuwa 2,000 a yini, kwana shida a jere. Wannan aikin 'yan tsere ne. Idan ina tsara wa baƙon tudu hanya, nakan raba nisan da kilomita 24 a awa, sannan in ƙara awa ɗaya a kan kowane mita 800 na hawa. Kilomita 60 mai hawan mita 1,000 za ta ci kusan awa 3 da minti 45 kana taka feda, ban da tsayawar cin abinci da sallah da ɗaukar hoto. Wannan shi ne madaidaicin yininka: kilomita 50 zuwa 65, hawan mita 800 zuwa 1,100, da ranar hutu guda a tsakiyar mako. Idan a rana ta uku ka tashi ƙafa ba ta yi nauyi ba, ƙara zagaye abu ne mai sauƙi. Rage hanya bayan ka riga ka biya kuɗin masauki a gari mai nisa shi ne ke da wuya.

Akwai kuma abin da taswira ba ta nunawa da kyau. Mutanen da sun gina garuruwan nan a kan tudu saboda tsaro, don haka Radda da Castellina da Montalcino da Montepulciano duk a sama suke. Duk ranar da ka kwana a ɗayansu, hawa ne zai rufe maka yini, a daidai lokacin da ƙarfi ya ƙare. Daga Buonconvento zuwa Montalcino, misali, kilomita 14 ce kawai amma akwai hawan kusan mita 400 a cikinta.

Giyar keke, inda aka fi yin kuskure

Yawancin kekunan tseren da ke zuwa kasuwanninmu 'yan gwanjo ne masu faranti na gaba mai haƙori 53 da 39, firiwil na baya kuma babbansa 25. A Kano wannan ya isa. A tudun da ke tashi mita 8 cikin kowane mita 100, ga abin da zai faru. Ka ɗauka kai da kekenka kuna da nauyin kilo 90, kana tafiya kilomita 8 a awa. Da giya 39 da 25, zagayen feda ɗaya yana kai ka mita 3.3, ke nan za ka riƙa juya feda sau 40 kacal a minti. Wannan niƙa ce, kuma gwiwa ce ke biyan kuɗinta, galibi a rana ta biyu ko ta uku. Da ƙaramin faranti mai haƙori 34 da firiwil mai 32, zagaye ɗaya mita 2.3 ne, feda na juyawa kusan sau 60 a minti. Ƙarfin da kake kashewa ɗaya ne, amma ka rarraba shi kan zagaye da yawa, tsoka ba ta toshewa. Saboda haka ka nemi faranti 50 da 34 a gaba, firiwil 11 zuwa 32 ko ma 34 a baya. Kafin ka sa babban firiwil a kekenka, makaniki ya duba ko na'urar canja giya ta baya tana da dogon hannu da zai ɗauke shi, kuma kusan kullum sai an sa sabuwar sarƙa mai ɗan tsawo.

Taya kuma kada ka je da mai faɗin milimita 23. Ƙananan hanyoyin karkara suna da faci da tsagewa, kuma yankin cike yake da farin burji, hanyoyin tsakuwa da ake kira strade bianche. Ko ba ka yi niyyar bin su ba, yawancin gidajen gona da ake kwana a ciki sai an bi kilomita 1 ko 2 na burji kafin a isa ƙofarsu. Milimita 28 ita ce mafi ƙanƙanta da zan yarda da ita, 32 ta fi. Ga mai nauyin kilo 75 zuwa 80, iskar taya 28 ta tsaya wajen bar 5 a ma'aunin famfo, ta 32 kuma wajen bar 4. Mutane kan cika iska har taya ta yi tauri suna zaton gudu ke nan, sai keken ya riƙa tsalle a kan tsakuwa, taya ta rasa riƙo a kwana. In kuma iskar ta yi ƙasa da yawa, bakin rim zai datse tib a rami, ka ga huda biyu kusa da juna.

Gangara ta fi hawa haɗari

Hawa gajiya kawai yake kawowa. Gangara ce ke kai mutum asibiti, kuma mahayin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa bai taɓa samun wurin koyonta ba. Cikin daƙiƙu kaɗan keke yake kai kilomita 60 a awa, ga kwanoni masu lanƙwasa da ba a ganin bayansu.

Ka sauke hannuwa zuwa ƙasan lanƙwasar kan keke, a nan yatsu suka fi samun ƙarfin birki kuma hannu ba ya suɓucewa idan ka faɗa rami. Ka gama rage gudu tun kana miƙe, kafin ka shiga kwanar. Idan ka matse birkin gaba keke na kwance cikin kwana, ko dai ya miƙe ya kai ka hannun masu tahowa, ko tayar gaba ta zame. Fedar da ke wajen kwanar ta kasance a ƙasa, ka danna nauyinka a kanta, idonka na kallon inda kake so ka fita. A doguwar gangara kada ka riƙe birki a hankali tun daga sama har ƙasa: ka matse sosai na ɗan lokaci, ka saki, ka sake. Riƙewa ba saki yana ɗumama rim ko faifan birki har ƙarfin kamawa ya ragu, a birkin rim ma zafin na iya fasa tib. A kan burji kuwa ka rage gudu fiye da yadda kake ganin ya kamata, ka fi dogara da birkin baya, ka sassauta hannu.

Wani abu da ake mantawa: a yawancin kekunan Italiya hannun hagu ne birkin gaba, dama na baya. Kekunan da aka harhaɗa don Ingila akasin haka suke, kuma irinsu na yawo a wajenmu. Ka duba naka yau. Idan ya saɓa da na haya, ka roƙi shagon su juya maka, ko ka yi minti 20 kana gwadawa a fili kafin ka fita, domin a lokacin firgita hannu abin da ya saba yake yi.

Yadda za ka shirya daga gida

Ka ba kanka mako 10 zuwa 12. Sau biyu a mako ka sa giya mai nauyi, ka fuskanci iska, ka yi minti 8 kana juya feda sau 55 zuwa 60 a minti a zaune, ka huta minti 4, ka maimaita sau huɗu. Ka fara hawa Asabar da Lahadi a jere, don jiki ya koyi aiki da gajiyar jiya. Idan da hali, ka kai keken Jos ko Abuja ƙarshen mako biyu, saboda hawa ana iya kwaikwayonsa amma gangara sai a kan gangara. Ban ga jikinka ba, kuma ba a auna zuciya daga nesa, don haka ka je likita ya duba hawan jini da bugun zuciya kafin ka fara wannan atisaye.

Wata da hanya

Tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Yuni, ko Satumba zuwa farkon Oktoba. Yuli da Agusta zafi kan kai digiri 35, kuma ko Bakano ya saba da rana, hawan tudu a kilomita 8 a awa babu iskar da ke busar da gumi wani abu ne daban. Nuwamba ruwan sama ya yi yawa. Abin da zai ba ka mamaki shi ne sanyi: safiyar Mayu ko Oktoba tana iya sauka ƙasa da digiri 10, ka haura tudu ka jiƙe da gumi, sannan ka gangara iska na dukan ƙirji. Ka riƙe 'yar rigar tare iska a aljihun baya, ka sa ta kafin kowace doguwar gangara. Satumba lokacin girbin inabi ne, gonaki sun fi kyau a lokacin, amma taraktoci na jan tirela a ƙananan hanyoyi, suna barin laka da ruwan inabi a kwana, wurin ya yi santsi. Ka kuma duba kalanda kada tafiyar ta faɗa cikin azumi.

Farkon Oktoba ake yin L'Eroica a garin Gaiole da ke Kiyanti, taron tsofaffin kekuna da Giancarlo Brocci ya fara a 1997, inda ake hawa kekunan da aka ƙera daga 1987 zuwa baya. Doguwar hanyarsa kilomita 209 ce da hawan sama da mita 3,500. A makon ɗakunan kwana suna ƙarewa da wuri, amma hanyar na da alluna duk shekara, kana iya ɗanɗana wani yanki nata a kowane lokaci.

Ni zan ba ka shawarar masauki biyu, da zangon hutu a Siyena a tsakaninsu, maimakon sauya gari kullum. Kwana uku a Gaiole ko Radda, kana fita zagaye kana dawowa babu kaya: rana ɗaya Radda, Castellina, Panzano, wata rana wajen fadar Brolio. Sai ka gangara Siyena, wajen kilomita 30 daga Gaiole, ka yi ranar hutunka a can, ka taka da ƙafa titin Santa Caterina mai tsananin tsayi, wanda 'yan tseren Strade Bianche ke haurawa duk watan Maris kafin su ƙare a dandalin Campo. Daga Siyena ka bi ta Asciano cikin tuddan yumɓu marasa itace, ka wuce gidan ibadar Monte Oliveto Maggiore, ka sauka Buonconvento, wajen kilomita 50 gaba ɗaya. Buonconvento na cikin kwari kuma tana da tashar jirgin ƙasa, shi ya sa na fi son ta a matsayin masauki na biyu. Daga nan rana ɗaya Montalcino, rana ɗaya San Quirico da Pienza a kwarin Orcia, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2004. Burjin Monte Sante Marie kusa da Asciano, mai kilomita 11 da rabi, ka bar shi sai wata tafiyar.

Tuƙi a hannun dama ake yi, kamar gida. An hana keke hawa babbar hanyar mota mai layi biyu da ta haɗa Filorans da Siyena, wadda ta bambanta da SR222, kuma manhajar taswirar mota za ta iya jefa ka kanta, don haka ka tsara hanya da manhajar masu keke irin Komoot ko Strava, ka sauke taswirar a waya tun kana masauki. SR222 takan cika da manyan babura ranar Asabar da Lahadi, ka bi ta a ranakun aiki da safe. Bayan azahar ka ƙara lura da motocin baƙi masu fitowa daga gidajen ɗanɗana barasa. Da magariba aladen daji da barewa kan tsallaka hanya, kuma doka ta wajabta fitila da riga mai ƙyalli a wajen gari idan duhu ya yi. Dokar ba ta tilasta wa babba hular kwano ba, amma kada ka hau babu ita. Lambar gaggawa 112 ce.

Haya ko naka

Don mako ɗaya, haya ta fi. Akwai shagunan hayar keken tsere a Filorans da Siyena da cikin Kiyanti. Farashi na canjawa da wata da irin keke, ka rubuta wa biyu ko uku ka kwatanta. Ka gaya musu tsawonka, ka tambayi haƙoran giya da faɗin taya a rubuce. Ka tafi da sirdinka da fedarka da takalminka da hularka, da awo biyu daga kekenka: daga tsakiyar gindin feda zuwa saman sirdi, da daga bakin sirdi zuwa kan keke. Bambancin santimita 1 a tsayin sirdi ya isa ya tayar da ciwon gwiwa a kan tudu. Ranar karɓa ka duba kaurin robar birki, ka bi giyoyin duka ɗaya bayan ɗaya, ka ɗauki hoton duk wani ƙarce. Kada ka fita sai da tib biyu, famfo, ƙarfen ɓare taya, faci da mahaɗin sarƙa. Idan iyali za su biyo ka, keke mai batir yana warware bambancin ƙarfi, injinsa na taimakawa har zuwa kilomita 25 a awa, sai dai can za a yi hayarsa domin jiragen sama ba sa ɗaukar batirinsa.

In ka nace sai naka, ka cire feda da na'urar giya ta baya ka naɗe su, ka tafi da ƙarin ƙarfen da ke riƙe na'urar a jikin firam, don shi ne ya fi lanƙwashewa a hanya kuma kowane keke da irin nasa. Ƙananan jiragen ƙasa na yanki suna ɗaukar keke a harhaɗe da ɗan ƙarin tikiti, masu gudu irin Frecciarossa kuwa sai an kwance shi an sa a jaka.

Abinci, ruwa da ibada

Rashin shan barasa ba zai rage maka komai ba. Yankin gonaki ne, inabi a gefe, zaitun a gefe, daji a sama, kuma gidajen gona da yawa suna ba da ɗanɗanon man zaitun. Babu mai tilasta maka, ka ce a'a an wuce wurin. Batun kwana a gidan gonar da ke matsar barasa, wannan hukunci ne na malamai, ka tambayi wanda ka amince da shi. Ƙananan otal a cikin gari ma suna nan.

Alade ne ke buƙatar sa ido, don yana ɓuya a girkin Tuskani. Ka haddace sunayen nan ka kauce musu: prosciutto, salame, pancetta, lardo, finocchiona, cinghiale wato aladen daji, da strutto wato kitsen alade da kan shiga wasu kayan fulawa. Miyar nama ta taliya sau da yawa akwai alade da barasa a ciki, peposo kuma naman sa ne amma cikin barasa ake dafa shi. Ka ce senza maiale, senza vino, babu alade babu barasa. Abin da za ka ci hankali kwance: pici all'aglione, taliya mai kauri da tumatir da tafarnuwa, pappa al pomodoro, faten burodi da tumatir, wake da man zaitun, cukun tumaki na Pienza, ƙwai da kifi. Miyar ganye ta ribollita ka tambaya ko an sa romon nama. Naman yankan Musulmi an fi samunsa a manyan garuruwa irin Filorans.

Gidajen abinci na ba da na rana daga 12:30 zuwa 2:30, na dare daga 7:30, kantunan ƙauye kuma sukan rufe daga 1 zuwa 4. Wanda ya isa ƙauye ƙarfe 3 da yunwa zai tarar da ƙofofi a rufe. Ka tafi da dabino, ka ci 5 ko 6 duk rabin awa tun daga awar farko, kada ka jira yunwa, domin idan sukarin jiki ya ƙare a tsakiyar tudu ƙafa mutuwa take yi nan take. Ruwa gora biyu, rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita duk awa, da ɗan gishiri a ɗaya. Kusan kowane gari na da famfon jama'a a dandali, sai wanda aka rubuta wa non potabile, shi ba a sha. Alƙibla kudu maso gabas take daga can. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9, asuba kuma kafin 4, ka tsara barcinka da haka. Akwai masallaci a Colle di Val d'Elsa, wanda aka buɗe a 2013, ba nisa daga Castellina, idan Juma'a ta same ka a Kiyanti.

Sai biza. Ta Shengen, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da Italiya ke ciki, za ka nema, ana karɓar takardu tun watanni 6 kafin tafiya, kuma dole ne inshorar lafiya ta kai Yuro 30,000. Ka karanta takardar inshorar da kanka, domin wasu suna cire raunin da aka samu a wasanni, ka tabbata hawan keke a kan titi na cikin abin da suka ɗauka. Ka kama masaukin da ake iya sokewa kyauta, kada ka biya kuɗin hayar keke gaba ɗaya sai biza ta fito.